RAWANIN DA AKA KARƁE

Karatu: 1 Korintiyawa 9:24-27, 1 Bitrus 5:4

Manzo Bulus ya kwatanta zaman mai bi da tseren gudu. Domin mu gane wannan kwatanci, bari mu duba labarin wani mutum mai suna Jim Thorpe.

An haife shi a 1887 a ƙasar Oklahoma ta Amurka, cikin mutanen da suke zaune a ƙasar tun kafin zuwan Turawa. Tagwaye ne, amma ɗan'uwansa ya mutu suna da shekara 9. Da ya girma aka kai shi makarantar Carlisle, can ne baiwarsa ta bayyana. Ga gudu, ga tsalle, ga jifa, ga ƙwallo iri iri.

A 1912 ya tafi babban wasan duniya na Olimfik a ƙasar Suwidin. Ya ci gasa mai wasanni 5, ya kuma ci mai wasanni 10. Sarki Gustav ya ba shi lambobin zinariya 2, ya koma gida ana ta yi masa kirari.

Amma duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. A 1913 wata jarida ta tona cewa a 1909 da 1910 ya yi wasan ƙwallon sanda ana biyansa ɗan kuɗi kaɗan, dokar Olimfik ta lokacin kuwa ta hana wannan. Waɗansu samari sun yi haka da sunan ƙarya, shi kuwa da sunansa na gaskiya ya yi. Bai yi musu ba. Aka karɓe lambobin, ko da yake doka ta ce a kawo ƙara cikin kwana 30, wannan kuwa ta zo bayan kamar wata 6.

Daga nan wasa ya zama sana'arsa. Ya yi ƙwallon sanda da ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, har a 1920 aka naɗa shi shugaban farko na ƙungiyar masu wannan ƙwallon ƙafa. Da ƙarfi ya ƙare, kuɗi ya ƙare. Ya yi aikin lebura, shan giya kuma ya yi masa ɓarna ƙwarai. Ya mutu matalauci a 1953. Sai a 1982 aka yarda a mayar masa da darajarsa, a 2022 kuma aka tabbatar shi kaɗai ne ya ci gasar nan biyu.

Me za mu koya?

1. Rawanin da mutum ya bayar, mutum yana iya karɓewa. Wanda Ubangiji Yesu ya ajiye wa nasa ba ya lalacewa, ba kuwa mai ƙwace shi.

2. Wanda ya tsere wa dubu yana iya faɗuwa a hannun sha'awar jikinsa. Ba mu shari'anta wannan mutum, gama mu ma raunana ne. Ko Bulus ya hori jikinsa domin kada a yashe shi.

3. Adalcin da ya zo shekara 29 bayan mutuwa bai share wa mai shi hawaye ba. In mun cuci wani cikin ekklesiya, mu gyara tun yana da rai.

TAMBAYOYI

1. Don wane rawani muke gudu?
2. Wane abu ne yake so ya kā da mu a hanya?
3. Akwai wanda ya kamata mu nemi gafararsa a makon nan?