ZANE DA LAUNI: HUTU NE, BA JARRABAWA BA

Idan ka shiga aji ɗaya na firamare ka ce, "Wa ya iya zane?" kusan dukan yara za su ɗaga hannu. Yi wannan tambaya a aji shida na sakandare, da ƙyar ka ga hannu biyu. Me ya faru a tsakani? Dariyar mutane ce. Ni ma ta same ni. Lokacin da nake koyon aikin malanta na zana akuya a allo, ɗalibai suka ce kare ne. Shekara da shekaru ban sake gwadawa ba. Wannan darasi domin irina ne, waɗanda kunya ta ƙwace musu abin da zai ba su hutu.

Mutum biyu da suka fara a makare

A shekarar 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, an sauke Winston Churchill daga shugabancin ma'aikatar sojojin ruwa ta Ingila, bayan harin da ya goyi baya a Dardanelles ya lalace. Yana da shekara 40, baƙin ciki ya rufe shi. Wata rana ya ga matar ƙanensa tana zane a lambu, sai ya gwada, ya fara da akwatin launi na yara. Daga nan bai daina ba. Kafin rasuwarsa a 1965 ya yi zane fiye da 500. Ba ya neman abinci da su. Hankalinsa yake hutarwa.

A Amurka kuma akwai wata tsohuwa, matar manomi, Anna Mary Robertson Moses, wadda aka fi sani da Grandma Moses. Ɗinkin ado take yi, har ciwon gaɓoɓi ya hana ta riƙe allura. Ta haura shekara 70 kafin ta duƙufa a kan zane, ba ta kuwa je makarantar zane ba. Ta rasu a 1961 tana da shekara 101.

Yadda zane yake ba da hutu

Ɗalibin da ya wuni yana karatu, ko ya kwanta, kansa bai kwanta ba. Yana ta tunanin jarrabawa da kuɗin makaranta. Amma idan ya zauna yana duban ganyen mangwaro domin ya gane ko korensa mai duhu ne ko mai haske, ido da hannu sun ɗauki aiki, damuwa ta rasa wurin zama. A 2016 masu bincike a Jami'ar Drexel ta Amurka sun sa mutum 39 yin aikin zane da makamantansa na minti 45. Sun auna sinadarin da jiki ke fitarwa lokacin damuwa, suka ga ya ragu a jikin kusan kashi 75 cikin ɗari. Gwani da ɗan koyo duka sun amfana. Mutanen ba su da yawa, amma darasin a fili yake: amfanin yana cikin yin, ba cikin kyan abin da aka yi ba.

Kayan aiki

Kada rashin kuɗi ya hana ka. Akwatin launin ruwa na 'yan makaranta, da burushi ɗaya, da takarda mai kauri sun isa. Bayan tsohuwar kalanda ko farin kwali ma yana yi. In babu na kanti, akwai na gida:

1. Jar ƙasa ko farar ƙasa: a jiƙa, a tace, a bari ta kwanta, a zubar da ruwan sama.
2. Gawayi: a niƙa shi ya yi laushi, ya ba da baƙi.
3. Shunin wanki yana ba da shuɗi, gangamau kuma rawaya. Ruwan zoɓo yana ba da ja, amma yakan sake launi, ya kuma koɗe da sauri.
4. Ƙaro: a jiƙa kaɗan a zuba a kowane launi domin ya kama takarda. Ƙaron nan da ake samu a Borno da Yobe da Chadi da Sudan, shi ne kamfanoni suke sa wa launin ruwa na kanti.
5. Burushi: a tattauna bakin asuwaki ya yi laushi, ko a yi amfani da gashin kaza.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Magina na Zariya da Kano sun daɗe suna ƙawata bangon gidaje da zane.

Yadda za ka fara

Da fari, yi wasa da launi kawai. Haɗa rawaya da shuɗi, ka ga kore. Ja da rawaya su ba ka ruwan lemo, ja da shuɗi kuma shunayya. Cika takarda ɗaya da wannan.

Na biyu, zaɓi abu guda mai sauƙi: tulu, ƙwarya, ko albasa. Kada ka fara da fuskar mutum. Duba shi minti biyu kafin ka taɓa takarda. Daga ina haske yake zuwa? Ina inuwa ta faɗi?

Na uku, fara da launi mai haske, ka bari ya bushe, sa'an nan ka ɗora mai duhu. Da launin ruwa, yana da sauƙi a ƙara duhu, amma da wuya a mayar da haske. Inda kake son fari, bar takardar yadda take.

Na huɗu, idan fili kake zanawa, ka lura dutsen da ke nesa ya fi na kusa haske, yana kuma ɗaukar ɗan shuɗi.

Na biyar, rubuta kwanan wata a baya ka ajiye. Kada ka yaga. Bayan wata uku ka kwatanta na fari da na ƙarshe. Da koyo akan iya.

Gargaɗi ga masu kallo

Malamai, iyaye da manyan ɗalibai, idan yaro ya nuna muku zanensa, kada ku yi dariya. Ku ce, "Gaya mini abin da ka zana." Kalma ɗaya tana iya hana shi sake gwadawa har shekara ashirin.

Aikin hutu

A wannan hutu, keɓe minti 30 ranar Asabar da yamma, ka zana abu guda daga tsakar gidanku. Babu maki, babu jan biro. Ni dai har yanzu akuyata tana kama da kare, amma duk ranar da na zana ta, barcina yakan yi daɗi.