Alhakin Mai Riƙe Da Sitiyari

Ya 'yan'uwanmu ɗalibai da malamanmu, mun ga ya kamata mu ɗan yi magana a wannan fitowa bisa wani al'amari wanda ya ke cin rayukan mutanenmu ko wace shekara, watau haɗarin mota. Za mu ɗauki misali daga ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, a kudancin Jihar Katsina, gama daga can waɗansunmu suka fito, can kuma za a tura waɗansu koyarwa in Allah ya nufa an ƙare karatu.

Wanda ya san waɗannan ƙasashe ya san hanyoyinsu. Babbar hanya da ta tashi daga Funtuwa zuwa Gusau ta ratsa Sheme da 'Yankara cikin ƙasar Faskari. A Sheme wata ta rabu ta nufi Ƙanƙara, ta wuce Dutsin-ma har Katsina. Wata kuma ta bar Funtuwa ta bi ta Ɗandume, ta nufi Sabuwa da Birnin Gwari. Ƙasar noma ce, ta masara da dawa da auduga. Da kaka ta yi sai ka ga manyan motoci an laɓta musu buhuna, mutane kuma sun hau bisa kayan, ga babura, ga shanu suna ƙetarewa, ga yara 'yan talla a bakin kwalta ran kasuwa. Dukansu hanya guda su ke bi, ran kowa kuwa yana hannun mutum ɗaya, mai riƙe da sitiyari.

To, in haɗari ya auku, abin da mu kan ji mutane suna faɗi shi ne, "Ƙaddara ce, kwana ya ƙare." Mu Musulmi ne, mun ba da gaskiya ga ƙaddara, mai kyau da mummuna. Amma shari'ar da ta koya mana haka ba ta sauke wa mai sakaci nauyinsa ba. Waɗanda suka karanta Risala a zaure, littafin Ibn Abi Zaid na Ƙairawan wanda ya rasu a shekarar 996, za su tuna da hukuncin dabbar da ta taka mutum: lamunin ɓarnar yana kan wanda ya ke bisanta, ko ya ke jan ta, ko ya ke kora ta. In haka hukuncin doki da jaki ya ke, ina ga ƙarfen da ya fi doki gudu nesa? Kisan kuskure kuma akwai diyya cikinsa, akwai kaffara ta azumin wata biyu a jere. Ashe direban da ya ce ƙaddara ce ya kaɗe rigarsa ya tafi, bai gama da maganar ba tukuna.

Sai mu duba yadda yawancin direbobinmu su ke koyon aikin. Yaro ya kan fara da zama karen mota, yana wanke ta, yana ɗaurin kaya, yana sa weji in ta tsaya a gangare. Bayan shekaru ubangidansa ya ba shi sitiyari a inda ba jama'a, ya koyi sa giya da ja da baya, sa'an nan a ce ya zama direba. Ba mu raina wannan koyo ba, gama yana ba da hannu da jimiri da sanin halin inji. Sai dai akwai abin da ba safai ubangida ya ke koyarwa ba, don shi ma ba a koya masa ba, watau lissafin gudu da tsayawa. Ga shi a taƙaice, kowa ya gwada da allo da alli.

Motar da ke gudun kilomita 50 a sa'a tana cin mita 14 cikin daƙiƙa guda. In ta kai kilomita 100, mita 28 ta ke ci. Daga lokacin da ido ya ga yaro ya faɗo hanya zuwa lokacin da ƙafa ta taka birki, a kan yi wajen daƙiƙa guda ko fi, ko da direban yana cikin hayyacinsa. Watau mai gudun kilomita 100 ya riga ya ci mita 28 tun birki bai fara kamawa ba. Bayan an taka birkin kuma, in aka riɓa gudu sau biyu, nisan da mota za ta ja kafin ta tsaya ya kan riɓu sau huɗu. In ruwan sama ya jiƙa kwalta, ko taya ta suɗe, ko an yi wa mota lodi fiye da ƙima, nisan ƙaruwa ya ke yi.

Me kuwa mai gudu ya samu? A ce tafiyar kilomita 60 ce. Mai gudun 80 zai isa cikin minti 45, mai gudun 100 cikin minti 36. Ribarsa minti tara ke nan, bai kai a sha fura a wanke ludayi ba, amma ya daɗa nisan birkinsa da fiye da rabi. Gaskiyar masu iya magana da suka ce sauri ya haifi nawa.

Mun san akwai wata hujja da direbobin wannan yanki su kan kawo. A shekarun da ɓarayin daji suka matsa wa ƙasar, har aka kwashe 'yan makarantar Ƙanƙara cikin watan Disamba na 2020, da yawa sun saba da sheƙa gudu don su fita daji kafin duhu. Ba wanda zai zargi mai tsoron ransa. Amma maganin dare sammako ne. Wanda ya ɓata yini a tasha yana jiran fasinja na ƙari, sa'an nan ya nemi ramawa a kan hanya, ya tsere wa mutuwa ta wata ƙofa ya tarye ta ta wata.

Hukuma kuwa ta yi nata. A ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma dama. A 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na fari. Daga farkon 2003 aka tilasta ɗaura bel, daga farkon 2009 aka tilasta wa masu babur sa hular kwano. Doka ta ce ba a ba mutum lasin sai ya cika shekara 18, ya yi makarantar koyon tuƙi wadda hukuma ta yarda da ita, an kuma jarraba shi. Ta ƙayyade wa ƙaramar mota kilomita 50 cikin gari, 80 a hanyar da ke tsakanin garuruwa. Duk da irin waɗannan dokoki a ƙasashe, Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2023 cewa mutum wajen miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya ko wace shekara. Dalili a fili ya ke. Jami'i yana tsaye wuri guda ne, ba ya nan sa'ad da direba ya ke shawarar wuce wata mota a kan kwana, ko ya haɗiyi ƙwaya don ya kori barci. A wannan lokaci ba mai tsaronsa sai iliminsa da tsoron Allah.

Saboda haka wajib ne ga direba, kafin ya tashi da safe, ya duba birki da fitilu da iskar taya. A jikin ko wace taya akwai lambobi huɗu masu nuna ranar ƙirarta: biyun fari mako, biyun ƙarshe shekara. In ya ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Tayar da ta tsufa tana fashewa da zafin bazara ko da zanenta bai goge ba. Kada ya wuce mota inda ba ya hangen gaba, kada ya riƙe waya yana tuƙi, in barci ya zo ya sauka gefe ya kwanta.

Mu fasinjoji ma muna da namu laifi. Sau nawa muka zauna mu biyu a kujerar gaba ba mu ce uffan ba? Sau nawa muka ji ana zuga direba, ana cewa wancan ya wuce mu? Wanda ya ga ana ganganci da ransa ya yi shiru don kunya, ya sa hannu cikin abin da zai biyo baya. A yi magana da ladabi, a ce, "Malam direba, don Allah a sassauta, ba sauri mu ke ba." In ya ƙi, a sauka.

Babban nauyi kuwa yana kanmu, mu da za mu riƙe aji. Direbobin gobe suna zaune bisa benci a Faskari da Sabuwa yau, icce kuma tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. In mun zo darasin lissafi, mu fita da yara fili, mu auna mita 28 da igiya, mu tsai da yaro guda a ko wane gefe, mu gaya musu wannan ita ce tafiyar daƙiƙa guda. Mu koya musu tafiya a gefen da za su fuskanci motar da ke zuwa, su duba hagu, su duba dama, su sake duba hagu kafin su ƙetare. Yaron da ya taka mita 28 da ƙafarsa ba zai manta ba ran da aka miƙa masa makulli.

Allah ya kiyashe mu da sakaci, ya kai matafiya gidajensu lafiya. Amin.