Baba Ba Ya Tari, Amma Ruwa Na Gangarawa Huhunsa

'Yarsa ce ke jinyarsa. Dattijo ne da ya haura shekara 70, mako uku da samun shanyewar ɓarin jiki, kuma karo na biyu ke nan zazzaɓi na taso masa, numfashi sama-sama, hoton ƙirji na nuna ciwo a ƙasan huhun dama. Da aka kira ni in duba maƙogwaronsa, na tambaye ta ko yana ƙwarewa in ya sha ruwa.

"Wallahi Likita, ko sau ɗaya Baba bai yi tari ba," in ji ta. "Da cokali nake ba shi, a hankali."

Gaskiya ta faɗa, kuma abin da ya ɗaga mini hankali ke nan. Na zura siririyar kyamara ta hancinsa har saman maƙogwaro, muka ba shi ruwan da aka sa wa launin abinci. A allo muka ga ruwan ya sulale tsakanin igiyoyin murya ya nufi hanyar iska, Baba kuwa yana zaune shiru, ko gyaran murya bai yi ba. 'Yar ta rufe baki da hannu. Na ce mata, "Hajiya, ba laifinki ba ne. Wannan abu ido ba ya ganinsa."

A aikina na likitan kunne, hanci da maƙogwaro, wannan ne abin da nake so masu jinya da abokan aiki su riƙe. Tari maigadi ne, yana tashi ne idan jijiyoyin maƙogwaro sun ji baƙon abu. Ciwon da ya raunana haɗiya yakan kashe wannan jin, sai abinci ya wuce maigadin yana barci. Saboda haka rashin tari ba shaidar lafiya ba ne. Haka ma taɓa can cikin baki don a ga ko mutum zai yi yunƙurin amai, da ɗora abin sauraro a wuya, da sa na'urar auna iska a yatsa: duk an gwada su a bincike, babu wanda ya isa a dogara da shi shi kaɗai. Wani nazari da Rosemary Martino da abokan aikinta suka fitar a 2005 ya tattara binciken da aka yi kan masu shanyewar ɓarin jiki. Gwajin farko a bakin gado yana gano matsalar haɗiya a kashi 37 zuwa 45 cikin ɗari, amma idan aka duba da na'ura sai adadin ya kai 64 zuwa 78. A cikin wannan tazarar irin su Baba suke.

Hanyoyi biyu ne aka tabbatar na duba haɗiya da na'ura. Wadda na yi amfani da ita, ta kyamara, Susan Langmore da abokan aikinta suka bayyana ta a Amurka a 1988. Ana yin ta a gadon maras lafiya, da abincinsa na gida, ba hasken eksire, ana kuma iya maimaitawa. Tana nuna yawun da ya taru da abincin da ya maƙale. Rauninta shi ne a daidai lokacin haɗiyar allo kan yi fari fat na ɗan ƙiftawar ido, kuma ba ta ganin abin da ke faruwa a cikin baki ko a bututun da ke kai abinci ciki.

Ta biyu hoton eksire ne mai motsi, wanda Jeri Logemann ta tsara ƙa'idojinsa, littafinta na 1983 ya yaɗa shi. Ana gauraya farin sinadarin bariyom da ruwa, da abu mai kauri, da abin tauna, maras lafiya yana zaune ana ɗaukarsa ta gefe. Wucewar loma ta maƙogwaro ba ta cika daƙiƙa ɗaya ba, shi ya sa ake son hoto 30 a kowace daƙiƙa. In an rage, ɗigon da ya ɓata hanya na iya faɗawa tsakanin hoto da hoto. Akwai kuma ma'auni mai mataki 8 da John Rosenbek da abokansa suka fitar a 1996. Mataki na 1, komai ya bi hanyarsa. Na 8, abu ya wuce igiyoyin murya, mutum bai yi yunƙurin fitar da shi ba. Baba a na 8 yake da ruwa.

Abin da ke ci mini rai shi ne yawan ganin iyali sun sayar da akuya ko sun ci bashi an yi hoton da ba shi ake bukata ba. An rubuta "a sha bariyom" kawai, an ba mutum kofi cike ya kwankwaɗa, an ɗauki hotuna tsayayyu, sakamako ya fito wai bututun abinci lafiya lau. Wannan gwaji yana da muhallinsa. Shi ke nuna tsukewar bututu a yaron da ya sha sodar haɗa sabulu bisa kuskure, abin da muke gani a asibitocinmu fiye da yadda ya kamata. Amma bai amsa tambayar mai shanyewar ɓarin jiki ba, yana ma iya jefa shi cikin haɗari. Shi kuwa babban mutum da tuwo ya fara tsaya masa a ƙirji, daga baya har kunu, yana ramewa, a hanzarta leƙa cikinsa da kyamara a ɗebi nama a gwada, kada a ɓata wata uku ana zargin beli ko ana shan jiƙo.

Ba kowa ne ke bukatar hoto ba. Da yawa daga masu shanyewar ɓarin jiki haɗiyarsu kan dawo cikin makonnin farko. Wanda ba ya cikin hayyacinsa, ko wanda sakamakon ba zai sauya yadda ake ciyar da shi ba, ban ga dalilin wahalar da shi ba. Kafin in sa hannu a takarda nakan tambayi kaina: me nake son sani, kuma me zan yi dabam gobe da safe in na sani? Wanda nake nema wa shi ne mai ciwon huhu da ke dawowa, da mai muryar da ke kurkurar ruwa bayan ya sha, da wanda ake shirin cire masa robar hanci ta ciyarwa.

Amfanin gwajin bai tsaya ga gano ɓarna ba, a nan take ake gwada gyara. Ana yawan cewa a sunkuyar da haɓa ko a kaurara abin sha, kamar maganin kowa ne. Sunkuyar da haɓa na taimakon wasu, ba ta yi wa wasu komai. Abu mai kauri sosai kan maƙale a maƙogwaro ya zube daga baya, ga shi yana sa mutum ya ƙi sha har jikinsa ya bushe.

A wurin Baba sunkuyawar ba ta hana ruwa shiga ba. Tuwo mai laushi ya bar saura a lungunan maƙogwaro. Kunu mai matsakaicin kauri, rabin cokali, haɗiya biyu kan kowane, shi ne ya wuce lafiya. A kansa muka tsaya, sauran ruwa da magani ta robar hanci. Na roƙi 'yarsa ta riƙa zaunar da shi sosai lokacin ci da rabin awa bayansa, ta kuma goge masa baki safe da dare, domin ƙwayoyin cutar da ke cikin dattin baki su ne ke bin yawu su sauka huhu. Bayan mako huɗu muka sake zura kyamarar, ruwa ya bi hanyarsa, muka cire robar. Abin da ya fara nema shi ne shayi.