Sharhin Baiti na Bakwai da na Takwas: Rufa Ido da Da'awar Kashafi

Wanda ya murɗe cokali gaban jama'a,
Ya ce kashafi ne, kar ka ba shi mubaya'a.
Saurin hannu ne da koyo irin na sana'a,
Tushen karama tsoron Allah ne da ɗa'a.

Ku sani, ya 'yan'uwa, Allah Ya yi mana gamon katar, abin da ya sa na tsara waɗannan baitoci shi ne tambayar da almajiranmu na nan Tokoin suka yawaita yi mini game da mutanen da suke gani a talabijin da waya, masu lanƙwasa ƙarfe da kallo, masu faɗin abin da ke cikin zuciyar mutum. Har wasu sun fara kiransu masu buɗi.

Rufa ido tsohuwar sana'a ce. Suratul A'arafi ta ba mu labarin matsafan Fir'auna cewa idanun mutane suka sihirce, wasu malaman tafsiri kuma suka ce zaiba suka ɗura wa igiyoyin da sandunan, da zafi ya taɓa ta sai suka yi motsi. Aljaubari, mutumin Dimashƙa, ya wallafa littafi sukutum a ƙarni na bakwai na Hijira yana tona dabarun masu da'awar annabci da walittaka na ƙarya.

Maganar cokali kuwa, wanda ya shahara da ita shi ne Uri Geller, mutumin Isra'ila. A 1973 ya je shirin talabijin na Johnny Carson a Amurka. Shi Carson ya taɓa yin rufa ido da ƙuruciya, sai ya nemi shawarar James Randi, gwanin sana'ar, aka kawo cokulan gidan talabijin, aka hana mutanen Geller taɓa su. Ya zauna ya kasa yin komai, ya ce ba ya jin ƙarfi a daren. Dabarar ba ta da wuya. Ana lanƙwasa wuyan cokalin gaba da baya tun a ɓoye har ƙarfen ya gaji, ko kuwa a tanƙwara shi sa'ad da hankalin 'yan kallo ya tafi wani wuri, a rufe gurbin da yatsa, sa'an nan a riƙa bayyana shi sannu sannu.

Dattawanmu sun tuna Farfesa Peller na Nijeriya, wanda aka kashe a Legas a 1997, mai raba matarsa biyu cikin akwati. Wannan wasa wani Bature, Selbit, ya fara nuna shi a Landan tun 1921, kuma asirin yana ga ƙirar akwatin.

To, a nan sai a rarrabe. Wanda ya ce, "Wasa nake yi, ku gane dabarata in kun iya," ni ban ga ya yaudari kowa ba. Wanda nake tsoro ga 'yan'uwa shi ne mai mai da takarda kuɗi a bakin kasuwar Asigame, ya ce rauhanai ne, sa'an nan ya fito da layu na sayarwa. Mai ƙera jaka goma da numfashi, me zai yi da dala ashirin ɗinka? Daga nan ne ake kai mutum ɗaki a ce ya kawo jarinsa a ninka masa, ko a ce wa mace kishiyarta ce ta yi mata jifa, gida ya watse.

Shehunnanmu sun karantar da mu cewa waliyyi ɓoye karamarsa yake yi, yana jin kunyar bayyanarta, ba ya sa mata lokaci balle kuɗin shiga. In wani ya yi muku da'awa, ku kawo cokalinku daga gida, ku rubuta abin da za a faɗa ku riƙe a hannunku, kada yaransa su kusance ku, kuma ku tsaya ta bayansa.