Darasi: Ɗinki Mai Haske, Ta Ina Ɗalibi Zai Fara?

Yanzu akwai ɗinkin da ake sa wa ƙananan fitilu, hula ko riga ta riƙa haske. Ba siddabaru ba ne. Zaren ne aka haɗa da azurfa ko ƙarfe, wuta tana bi ta cikinsa. A 2007 Leah Buechley ta Jami'ar Colorado a Amurka ta fito da LilyPad, wata 'yar na'ura da ake ɗinkawa a jikin yadi.

Shawararmu ga matasan Kunci masu son koyo ita ce, kada a sayar da gyaɗar gida don sayen na'ura tukuna. A fara da allura. Ku zauna wurin masu ɗinkin hula har hannunku ya faɗa. Ko Oholiyab na Fitowa sura 35, da gwanintar zare ya yi hidima.

Kayan farko kaɗan ne: batirin agogo mai volt 3, 'yar fitila irin ta tocila, da zaren. Doguwar ƙafar fitilar ita ke haɗuwa da gefen batiri mai alamar +. Zare biyu ne ke tafiya, kuma in suka taɓa juna fitila ba za ta kama ba, batiri ya ƙare nan da nan. Don haka a zana hanyarsu a takarda, a gwada, sannan a ɗinka.

A cire batiri kafin wanki. Kada a haɗa zaren da wutar NEPA ko batirin sola. Iyaye mata, ku lura: yaron da ya haɗiye wannan batiri, sai asibiti nan take, domin yana ƙone maƙogwaro cikin sa'o'i kaɗan.