Yadda Ake Zaɓen Kontrolar Cajin Sola Mai Araha da Gano Matsalarta

Kontrola ita ce na'urar da ke tsakanin fanel da batir. Aikinta ta kai wa batir wutar da yake buƙata, ta rage idan ya kusa cika, ta kuma hana wuta komawa fanel da dare. Sau da yawa ita ce mafi araha a cikin kayan sola, shi ya sa ake barin ta ƙarshe a saye ta da ragowar kuɗi, alhali batir mai tsada a hannunta yake. Iri biyu ne a kasuwa, PWM da MPPT, kuma zaɓi tsakaninsu lissafi ne da ake fara shi daga takardar da ke manne a bayan fanel.

Mataki na farko: karanta bayan fanel

Lambobi huɗu ake nema. Akwai wat, akwai Vmp wanda shi ne bolt ɗin da fanel ke bayarwa yana cikin aiki, akwai Voc wanda shi ne bolt ɗinsa idan ba a haɗa shi da komai ba, sai Isc, iyakar amfiyar da zai iya turowa. Ƙaramin fanel mai sel 36 yana da Vmp kusan 18 da Voc kusan 22. Babba mai sel 60 Vmp ɗinsa kusan 31 ne, mai sel 72 kuma kusan 37, da Voc wajen 45.

PWM makunni ce kawai mai saurin kunnawa da kashewa. Tana haɗa fanel da batir kai tsaye, sai bolt ɗin fanel ya sauko daidai da na batir, abin da ya yi rara kuma ya tafi a banza. Fanel mai wat 100 yana ba da amfiya 5.5, idan batir yana kan bolt 13.5 abin da zai shiga bai wuce wat 75 ba. Wannan asara ce da za a iya jurewa. Amma idan aka ɗaura fanel mai wat 300, mai amfiya 8, a kan batir mai bolt 12 ta hanyar PWM, wat 110 ne kacal za su shiga, an biya kuɗin fanel guda ana cin sulusinsa. Wannan kuskure ya yi yawa a gidaje da shagunan cajin waya, kuma galibi fanel ake zargi.

MPPT kuwa tana barin fanel ya yi aiki a nasa bolt ɗin, ta juya rarar zuwa ƙarin amfiya. A kan fanel mai sel 36 ribarta ba ta kai yadda ake tallata ta ba, musamman a ƙasa mai zafi kamar Sakkwato ko Damagaram, domin zafi yana rage bolt ɗin fanel da kimanin kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin ɗari a kan kowane digiri sama da 25, rarar da za ta juya ta ragu ke nan. Saboda haka mai fanel ɗaya ko biyu masu sel 36 da batir ɗaya, don fitilu da fanka da cajin waya, PWM mai kyau ta ishe shi. Mai manyan fanel a kan batir mai bolt 12, ko wanda zai ja waya mai nisa daga rufi, ba shi da zaɓi sai MPPT.

Mataki na biyu: girman kontrola

A PWM, ana ninka Isc da yawan fanel ɗin da aka haɗa ja da ja, baƙi da baƙi, sannan a ƙara rubu'i. Fanel biyu masu Isc 6 sun ba da 12, da rubu'i 15, sai a sayi mai amfiya 20. A MPPT ana raba jimillar wat da bolt ɗin batir: wat 600 a kan bolt 24 amfiya 25 ne, mai amfiya 30 ta dace. Lambar da ta fi haɗari a MPPT ita ce iyakar bolt ɗin shigarta. Victron tana rubuta ta a sunan kaya, 100/30 na nufin bolt 100 da amfiya 30, haka Tracer 3210AN ta Epever take da amfiya 30 da iyakar bolt 100. Fanel ɗin da aka jera wutsiya da kai Voc ɗinsu haɗuwa yake yi, kuma sanyin asubar hunturu yana ɗaga shi. Biyu masu Voc 45 sun kai 90, wanda ya riga ya matse. Uku kuwa za su ƙona ta tun ranar farko. Ana barin tazarar aƙalla kashi 10 cikin ɗari.

Mataki na uku: gane MPPT ta jabu

Rubutun kwali ba shaida ba ne. Daga Alaba a Legas har Sabon Gari a Kano ana samun ƙananan kontrola na roba, masu ramin USB, an buga musu MPPT da amfiya 60 ko 100, cikinsu kuwa PWM ce. A hannu ma ana ganewa: ta gaske tana da nauyi, saboda akwai naɗin wayar jan ƙarfe a kan zobe a cikinta, bayanta kuma alminiyam ne mai haƙarƙari don shanye zafi. Ramukan wayarta manya ne. Wadda raminta ba zai ɗauki wayar murabba'in milimita 10 ba, ba za ta ɗauki amfiya 60 ba ko me aka rubuta. Idan iyakar bolt ɗin shigarta 50 ne ko ƙasa da haka, akwai alamar tambaya.

Hukunci na ƙarshe na mita ne. Da hantsi, batir bai cika ba, a auna bolt a ramin fanel, a auna a ramin batir. Idan bambancin bai kai bolt ɗaya ba, PWM ce. A MPPT ta gaske ramin fanel yana tsayawa kusa da Vmp, kuma amfiyar da ke fita zuwa batir ta fi wadda ke shigowa. Gwajin bai da amfani idan batir ya riga ya cika, domin a lokacin ko PWM tana nuna bolt mai yawa a ramin fanel.

Mataki na huɗu: haɗawa da saiti

Batir ake fara haɗawa, sannan fanel, sannan fitilu. Wajen kwancewa a fara cire fanel. Dalili shi ne daga batir kontrola take gane ko tsarin na bolt 12 ne ko 24, kuma batura biyu da suka zube ƙwarai suna iya ruɗar ta ta ɗauke su a matsayin guda. Ana sa fiyus ko bireka ta DC kusa da kan batir. Inbata ba ta shiga ramin da aka zana wa ƙwan fitila, kan batir take tafiya kai tsaye, don abin da take ja ya fi ƙarfin ramin. A kafa kontrola a tsaye a bango, a inuwa, da sarari sama da ƙasa, kada kuma ta zama daidai saman batir mai ruwa, saboda tururin asid yana cin ƙarfenta, iskar da batir ke fitarwa kuma tana kama wuta.

A saiti, don tsarin bolt 12, batir mai ruwa irin tubula yana son caji ya kai 14.4 zuwa 14.8, sannan a riƙe shi a 13.5 zuwa 13.8. Na jel kada ya wuce 14.2, kuma a kashe masa cajin daidaitawa mai kaiwa sama da 15, wanda na batir mai ruwa ne kaɗai. Litiyom irin LiFePO4 yana cika a 14.2 zuwa 14.6, shi ma ba a yi masa daidaitawa. A tsarin bolt 24 ana ninka waɗannan sau biyu, in kuma kamfanin batir ya rubuta nasa, nasa ake bi. Batirin darma, wato mai ruwa ko na jel, da ke ɗaki mai zafin digiri 40 yana buƙatar a rage masa kusan bolt 0.3. Kontrola masu araha da yawa suna zuwa da saitin yanke wuta a 10.7 ko 11.1, wanda ya yi ƙasa, domin batirin darma da ya huta yana nuna 12.7 idan ya cika, 12.1 ko 12.2 idan ya kai rabi. Ɗaga saitin zuwa wajen 11.8 yana ƙara wa batir kwana.

Mataki na biyar: gano matsala

Ƙa'idar ita ce a yi awo kafin a zargi kontrola, kuma a fara daga batir. Idan fuskarta ta mutu, a auna bolt a kan batir sannan a raminta. In akwai a can babu a nan, fiyus ne ko waya ta saki; in batir ya faɗi ƙasa da bolt 9 ko makamancin haka, ba za ta tashi ba sai an farfaɗo da shi da caja. A duba kuma ko an juya ja da baƙi.

Idan tana kunne amma ba ta caji, a cire wayoyin fanel a auna su da rana. Lambar ta kusanci Voc. Sifili na nufin waya ta tsinke ko mahaɗin MC4 ya ƙone, rabin abin da ake tsammani kuma yana nuna an yi kuskuren jeri ko wani fanel ya samu matsala. Wasu MPPT, kamar na Victron, ba sa farawa sai fanel ya fi batir da bolt 5. Idan bolt daidai ne amma amfiya ta yi kaɗan, a hau rufi: ƙurar hunturu, kashin tsuntsu, ko inuwar tankin ruwa a kan sel kaɗan sun isa su karya fanel guda.

Matsalar da ta fi ruɗar mutane ita ce kontrola ta nuna batir ya cika tun da hantsi, da magariba kuma wuta ta ɗauke. Dalilai biyu ne, kuma mita tana raba su. Ana cikin caji, a auna ramin kontrola, a auna kan batir. Wayar jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 2.5, tsawon mita 5 zuwa da 5 dawowa, tana cinye bolt 1.4 idan amfiya 20 na bi ta cikinta. Kontrola tana ganin 14.4 ta sassauta, batir kuwa yana 13.0. Wayar alminiyam da aka yi wa rufin jan ƙarfe, wadda ake gane ta da farin da ke cikinta idan an kankare, ta fi haka ci. Maganin shi ne gajeriyar waya mai murabba'in milimita 6 don amfiya 20, ko 10 don amfiya 30, da ɗaure sukuru sosai. In bambancin bai wuce 0.2 ba, to batir ne ya gaji: yana saurin cika saboda cikinsa ya ƙanƙance, kuma sabuwar kontrola ba za ta gyara shi ba.

Batir da ke tafasa, yana zafi, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, ana cusa masa wuta fiye da kima. A cire fanel nan take, a buɗe taga, a duba saiti. In saitin daidai ne amma bolt yana haura 15 ba ya tsayawa, mosfet ɗin ciki, wato makunninta, ya narke ya haɗe, wanda tsawar damina ko juya waya ke jawowa. Irin wannan kontrola tana kuma barin wuta ta koma fanel da dare, ana tabbatarwa da auna amfiya a wayar fanel bayan isha'i, inda ya kamata a ga sifili. Kusan haka ake gani idan kontrolar mai haɗaɗɗen ja ce, kamar PWM masu araha da yawa, aka kuma haɗa baƙin fanel da baƙin batir ko aka kai su ƙasa tare: an tsallake makunninta ke nan.

A batirin litiyom, katsewar caji kwatsam tare da gargaɗin yawan bolt yawanci daga allon kariyarsa ne, wato BMS, wanda ke yankewa idan sel ɗaya ya riga sauran cika. Sauke saiti zuwa 14.2 yakan kwantar da shi. Ramin fitila da ya ƙi ba da wuta da rana kuwa sau da yawa an bar shi ne a tsarin fitilar titi, mai kunnawa da magariba. PWM mai araha da mosfet ɗinta ya ƙone, sauya ta ya fi gyaranta sauƙi, amma kafin a haɗa sabuwa sai an gano abin da ya ƙona tsohuwar.