Mai Jinya Ma Yana Buƙatar Kulawa

Ya ku iyaye da 'yan'uwa, dashen ɓargo magani ne da ake yi wa wasu masu cutar sikila da masu sankarar jini. A Najeriya an fara yin sa cikin nasara ga mai sikila a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a shekarar 2011, amma har yau iyalai da dama sukan tafi ƙasashen waje kamar Indiya. Duk wanda ya raka majinyaci zai shafe watanni nesa da gida, kuma nauyin da ke kansa ba ƙarami ba ne.

Kafin dashe, ana ba majinyaci magunguna masu ƙarfi waɗanda ke kawar da tsohon ɓargo, sai garkuwar jikinsa ta yi rauni ƙwarai. Sabon ɓargon yakan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin ya fara samar da jini, kuma kwanaki 100 na farko su ne mafiya haɗari. A wannan lokaci ku ne masu lura da shan magani a kan kari, da tsaftar abinci, da auna zafin jiki, domin zazzaɓin da ya kai maki 38 na buƙatar likita nan take. Mai jinyar da gajiya ta ci ƙarfinsa yana iya manta magani ko ya kasa lura da zazzaɓi. Saboda haka kula da kanku wani ɓangare ne na jinyar.

Ga abubuwan da za ku kiyaye:

1. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tun kafin tafiya ku tsayar da wanda zai karɓe ku ku samu barci, da wanda zai riƙe yaran da aka bari a gida.

2. Likitoci za su taƙaita masu dubiya. Ku bayyana wa dangi cewa kariya ce, ba wulaƙanci ba. Su yi gaisuwa ta waya, su taimaka da addu'a da abin hannu.

3. Idan ƙane ko yaya ne ya ba da ɓargo, ku riƙa faɗa masa cewa duk abin da ya biyo baya ba laifinsa ba ne. Ku ma kada ku zargi kanku don yaro ya gaji cuta.

4. Idan baƙin ciki, ko rashin barci, ko ƙin abinci, ko yawan fargaba suka wuce mako 2, ku sanar da nas ko likita, ku nemi ganin mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Idan tunanin cutar da kai ya zo, a nemi taimako a ranar.

Neman taimako ba ya rushe tawakkali. Bayan dawowa gida ma, garkuwar jiki takan ɗauki shekara ko fiye kafin ta murmure, don haka ku ci gaba da tuntuɓar ma'aikacin lafiya na unguwarku, domin majinyaci da kuma domin kanku.